Shari'ar Sabulun Ogechi

Sabon Gari, 4 ga Maris

Huseina 'yata,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da Hajiya kuna lafiya. Na ƙi ɗaukar wayarki ne don kada bakina ya yi ɓarna.

Shekara talatin ina yin sabulun Ogechi. Kamfanin nan na Legas ya kwaikwayi sunan har da kwalin, ya kuma rubuta wa banki wai ni ne mai jabu, aka rufe mini asusu. Babbar Kotun Jiha ta ba ni gaskiya. Sai ga sharhinki na lauya a jarida, wai hukuncin ba zai tsaya ba. Yanzu sun ɗaukaka ƙara, banki ya ce ba zai buɗe asusun ba sai an gama. Mutum goma sha biyu na sallama gida.

Da marigayi Goni, mahaifinki, muka fara kasuwa a rumfa ɗaya. Me na yi miki?

Babanki,
Nwabueze

Rijiyar Lemo, 6 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ku da girmamawa, ku da Mama Chinyere.

Wallahi ba ni na buɗe wa lauyoyinsu ido ba. Tsarin Mulki ya ce rikicin sunan kaya da tambarinsa Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke saurarensa. Gaskiya taku ce, amma kotun da ta faɗe ta ba ta da hurumi. Ko ban rubuta ba, za a rushe hukuncin.

Ban so faɗin wannan ba. Tun kafin a shigar da ƙarar na rubuta wa lauyanku, ɗanku Chidiebere, har sau biyu, cewa ya kai ta Kotun Tarayya. Ku tambaye shi.

Ku huta lafiya.
Huseina

Sabon Gari, 9 ga Maris

Huseina,

Na gaishe ki. Na tambaye shi a gaban uwarsa. Ya ɗauko takardun. Ta biyun ko buɗe ta bai yi ba. Ya ce, “Baba, ita ce babbar shari'ata ta farko, na so in ci ta da kaina.” Tun ranar bai fito ofis ba.

Amma ke fa? Daga Rijiyar Lemo zuwa nan minti nawa ne a adaidaita? Kika kasa zuwa ki gaya mini, sai a jarida?

Nwabueze

Rijiyar Lemo, 10 ga Maris

Baba,

Barkanku da war haka. Wannan laifina ne. Na ji nauyin shiga tsakanin uba da ɗa, na yi shiru inda bai kamata ba. Sharhin kuwa, 'yan kasuwa uku ne suka ga nasararku suna shirin kai irin ƙararku Kotun Jiha. Ko yau zan sake rubuta shi, amma da na fara durƙusawa a gabanku.

Akwai hanya. A shigar da sabuwar ƙara a Kotun Tarayya, a nemi umarnin gaggawa kan asusun. Ban yi alkawarin nasara ba. Kuma ba zan karɓi shari'ar daga hannun Chidiebere ba, sai dai mu tsaya tare, in ya yarda.

Ku yafe mini.
Huseina

Sabon Gari, 13 ga Maris

'Yata,

Gaisuwa. Jiya Chidiebere ya yi aski, ya kwaso fayil-fayil ya baza a tebur. Ya ce ku haɗu ranar Litinin, ƙarfe tara, a ofishinsa na Titin Ibrahim Taiwo.

Ban huce ba tukuna. Ki zo da wuri.

Babanki