Kai Ma Ka Ga Jan Can?

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mutanen gida lafiya. Maganar idon Baba ce ta sa na rubuto.

Kin san halin mijinki. Tun bayan rasuwarki yake laluben buta tana gabansa, amma ka ce masa asibiti sai ya ce idonsa ya fi naka. Na gaji da roƙo, na zo daga Zariya muka yi sharaɗi. Bana ni zan raka shi dutsen bayan gari. In ya faɗa mini yadda rana ta fito, na bar zancen. In ya kasa, zai bi ni asibiti.

Har yanzu unguwarmu ba a binne, wato shuka kafin ruwa, sai ya hau ya kwana ya duba gabas. In ta yi ja, gajimare ya kwanta ƙasa-ƙasa, ruwa ya kusa, a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira. In rana ta fito fes, a dakata. Har daga Likoro ana aiko tambaya.

Ke ce kike raka shi duk shekara, da ƙwaryar fura da bargo. Mata suna cewa wace irin mace ce wannan, miji zai hau dutse ma sai ta bi. Kina dariya ki ce ai in ba ke, wa zai dame shi da surutu?

Bayan isha'i muka kama hawa. Ni da takalmin ofis, shi da silifa da sandarsa, kuma ni ne mai haki. Ƙafarsa ta haddace hanyar. Sau tari shi ke ce mini in yi dama, akwai rami. Wallahi har na fara shirin jin kunya.

A saman akwai sanyi, sauro kuma bai san girman kowa ba. Ya nuna mini lungun da kike shimfiɗa bargo. Ban yi wani barcin kirki ba.

Muka yi asuba, muka zauna muna fuskantar Makarfi. Na kama bakina, tunda jarrabawa ce. Gabas ta yi ja kamar garwashi, gajimare ya kwanta a ƙasa, gonaki suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Rana ta leƙo, ta fito gaba ɗaya. Baba yana zaune, idonsa a buɗe, yana jira.

Sai da zafinta ya taɓa masa goshi ya gyara zama. Bai ce ta fito ba. Cewa ya yi, "Da uwarka ce, da tuni ta cika ni da magana. 'Malam, kai ma ka ga jan can? Kai ma ka ga gajimaren nan a kwance?' Ni kuma in ce na gani."

Ashe abin ya daɗe, Inna. Ashe shekara da shekaru ke ce idon, kuma ba ki taɓa bari ya tambaya ba, balle wani ya sani. Mu muna gida muna cewa Inna akwai zance.

Na ci sharaɗin, ban kuma ji daɗin cinsa ba. Ya bi ni asibiti bai yi musu ba, abin da ya fi komai tayar mini da hankali ke nan. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama za su gwada.

Amma kafin mu sauko, da na ga mutane sun fara taruwa a gindin dutsen suna jiran maganarsa, na matsa kusa da shi. Muryata ba ta yi kama da taki ba, na dai yi iya yi na. Na ce, "Baba, kai ma ka ga jan can ta wajen Makarfi?"

Ya ce, "Na gani."

Ya sauka ya ce a yi binne.

Allah Ya haskaka kabarinki yadda kika haskaka masa, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya bar masa na daman. Bargonki yana wurina, baɗi da shi zan hau.

Ɗanki,
Habibu