Ƙafar da Inna ta gane a Pashupati

Zuwa ga Yayana Tikaram,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sassauta maka zafin Doha, ya kuma kawo mana kai lafiya kafin bikin autarmu Kopila. Mu nan Katmandu lafiya lau. Mijina Bhuwan yana nan da tumbinsa, kullum gobe zai fara rage shinkafa. Aikin idon Inna ya yi kyau. Ranar da aka cire mata bandeji, abin da ta fara gani shi ne yanar gizo a kusurwar ɗakina, kuma har yau ba ta bar ni na manta ba. Yaya, da gangan na ƙi kiran ka a waya, don maganar nan ba ta cikin hayaniyar ɗakin ma'aikata ba ce. Ka nemi wuri ka zauna.

Inna ta ce ba za ta koma ƙauye ba sai ta kashe ƙwarƙwatar ido. Muka hau matakalar wurin bauta na Swayambhu, biri ya fizge mata ayaba, ta bi shi da zagi har kakanninsa. Muka zaga hasumiyar ibada ta Boudha sau uku. A tsohuwar fada kuwa cewa ta yi ashe gidan sarki ma yana neman gyara. Ranar Litinin muka je babban wurin bauta na Pashupati. Bayan ta yi addu'a ta daɗe tana kallon hayaƙin masu ƙona gawa a bakin kogi, na san kai take tunawa, ranar da ka aske kanka ka cinna wa mutum-mutumin ciyawa wuta a madadin gawar Baba, tunda ba abin da aka samu a gaɓar kogin garinmu sai lemarsa da takalmansa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana cikin fararen kaya irin na matan da mazansu suka mutu.

Da muka haye gada, sai ga masu gudun duniyar nan da ke shafe jiki da toka, zaune a jere baƙi na ɗaukar hoto da su. Inna ta ce bari ta nemi albarka. Ta durƙusa gaban wani mai gemu har ƙirji ta taɓa ƙafarsa, sai ta ƙi tashi. Na zaci bayanta ne ya riƙe, na je in ɗaga ta, na tarar ta damƙe ƙafar hagun da hannu biyu, tana kallon karkataccen babban yatsan nan da ɓaunar da muke kiwo ta taka. Yaya, ni ma na gane shi. Matar da tun da aka haife mu ba mu taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba, ta ɗaga kai ta ce, “Lilanath, shekara ashirin da shida ina wanke ƙafar nan kowace safiya. Kana tsammanin toka za ta ɓoye mini ita?”

Na zauna daɓas a kan dutse. Baba bai ko musa ba. Da muryar nan da yake kiran mu cin abinci ya ce mai wancan sunan ya mutu, shi da kansa ya yi wa kansa jana'iza ranar da ya shafa toka, yanzu ba shi da mata ba shi da 'ya'ya. Bhuwan ya tambaye shi zancen lema da takalma, ya ce shi ya ajiye su don kada a wahala neman sa. Bai tambayi labarinka ba, bai tambayi Kopila da ya bari tana 'yar shekara tara ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya ɗaga hannu ya sa wa Inna albarka yana kiran ta “uwa”, kamar yadda suke kiran kowace mace. Da ba a wuri mai tsarki muke ba, da na faɗa masa abin da zan yi nadamarsa.

Ina jiran Inna ta fashe da kuka, sai na ga ta gyara mayafi ta zauna kusa da shi kamar sauran baƙi. Ta ce wa Bhuwan, “Suruki, fito da wayarka. Ka ja baya kaɗan, ina so ƙafar ta fito sosai.” Aka ɗauka, ta tashi ba ta waiwaya ba. A bakin ƙofa ta tsaya wurin masu awarwaro ta zaɓi jajaye irin na mai miji a raye, ta miƙa hannu aka zura mata. Sai a mota na fahimci nufinta. Ka tuna a bikinka bayan ƙofa aka ajiye ta, wai wadda mijinta ya mutu ba ta kusantar amarya, tana leƙen amaryarka ta taga. Bana ma Gwaggo Dhanmaya ta riga ta aiko cewa mai fararen kaya kada ta kusanci Kopila. Inna ta ce a kai wa Gwaggo hoton, ai ta san yatsan ƙaninta.

Ni har yanzu ban san ko murna zan yi ko makoki ba, abinci ma ya ƙi shiga. Na fi jin tausayinka, kai da ka yi kwana goma sha uku na zaman makoki a kan tabarma ba ka cin gishiri, kuma kowace shekara kake yi masa sadaka. Inna ta ce ka daina, mai rai ya ci da kansa. Hoton yana cikin ambulan ɗin nan.

Ka gaida Kawu Khemraj da abokin ɗakinka Dilip. Matarka Sarada da yara suna lafiya, ban faɗa musu ba sai na ji daga gare ka. Inna na gaishe ka, ta ce farin zanen da ta sa ka sayo, ka mayar wa mai kanti. Ja take so, mai zare na zinariya a baki, don ita za ta tsaya kusa da Kopila.

Ƙanwarka,
Mandira