Faya-fayanka Suna Nan, Kawu

Zuwa ga Kawu Modu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya da uba, ina fata wannan takarda ta same ka, ko da yake ban san inda zan aika da ita ba. Shekara huɗu ke nan rabonmu da kai.

Faya-fayanka suna nan. A tsaye na jera su yadda ka koya mini, nesa da bangon da rana ke duka, don kada zafin Gombe ya lanƙwasa su.

Ina tuna ranar da ka iso gidanmu a Jekadafari, bayan mutanen daji sun ƙone garinku a Barno. Wasu sun gudo da katifa da tukwane, kai kuwa riga ɗaya ce a jikinka, sai akwatin ƙarfe a ka. Inna, ƙanwarka, ta buɗe tana zaton takardun gida ne, sai ta ga faya-fayan garmaho. Kwana biyu ba ta yi maka magana ba. Daga baya ka gaya mini cewa a can, wanda aka kama da kiɗa ko a waya ne, bulala ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Wata uku akwatin yana binne a ƙarƙashin akurkin kaji kafin ka gudo da shi.

Ba ka da garmahon da za ka saka faya-fayan. A lokacin kuma mutane na ɗari-ɗari da duk wanda ya fito daga Barno, ko ɗakin haya da ƙyar ake ba su. Ka kafa teburin gyaran rediyo a ƙofar gida, mako guda ba wanda ya tsaya. Baba Yohanna ne ya fara zuwa, tsohon malamin makarantar nan, Batangale, na unguwar Hammadu Kafi. Hira ta kai ku ga faya-fayai, washegari sai ga shi da garmahonsa da ya shekara goma a mace, ya ɗauro a bayan babur. Ka yanka robar tayar keke ka yi masa bel, ka gyara allurar, ya tashi.

Bayan la'asar ne, na dawo daga makarantar da nake koyarwa na same ku a zaure, kun rufe ƙofa, kun rage murya. Da farko wani ƙaraf-ƙaraf kamar ana suya, sannan kakaki ya fashe. Wata aba mai kama da algaita ta bi shi tana zagayawa, wani ƙaho mai kukan bijimi yana amsawa daga ƙasa, ga ganga, ga wani abu kamar garaya, kowa na nasa a lokaci guda. Na yi dariya na ce wannan ai rigimar kasuwa ce. Ka ce, “Saurara da kyau, Falmata. Kowa na magana, amma ba wanda ya taka ɗan'uwansa.”

Kai ka gaya mini sunansa jaz, kiɗan baƙaƙen Amurka ne, jikokin bayi, kuma yawancin masu busar sun mutu tun ba a haife ka ba. Ka ce idan sun raka gawa maƙabarta a hankali suke busawa, a hanyar dawowa kuma sai su saki wannan mai zafin. Ban gane ba a lokacin. Na gane ranar da bam ya tashi a tasha, muka yini muna neman ɗan maƙwabcinmu a asibiti, muka same shi an lulluɓe. Da yamma ka ɗauko faifai, ka riƙe shi ta gefe, ka goge da tsumma, ka saka can ƙasa-ƙasa. Hawaye na bin gemunka, ƙafarka kuma na bin gangar.

Sai labari ya zo cewa an ga matarka Ya Kaltum, wadda gudu ya raba ku, a wani ƙauye kusa da garinku. Inna ta yi kuka, Baba Yohanna ya roƙe ka har ya riƙe maka riga. Ka ce mako biyu kawai. Direban da ya ɗauke ka ya ce ya sauke ka a shingen sojoji na ƙarshe, ka shiga da ƙafa.

Baba Yohanna bai daina zuwa ba. Duk Asabar sai ya zauna a zaure, ya saka faifai ɗaya, ya tashi ya tafi. Bara da damina hawan jini ya kwantar da shi, bai tashi ba. 'Ya'yansa suka bar mini garmahon, suka ce wasiyyarsa ce.

Kawu, ga dalilin wasiƙar. Inna ta gaji da jira, ta sa ranar Juma'a za a yi maka sadakar mamaci. Shekaranjiya kuma wani mutum da ya kuɓuto daga daji, yana aikin gona a Kwadon, ya neme ni a makaranta. Ya ce shekara biyu da suka wuce ya ga wani tsoho a hannun mutanen dajin, sun ajiye shi yana gyara musu rediyo. Ya kwatanta tabon goshinka daidai. Ya ce ka rame, ƙafarka ta kumbura, idan kana aiki kuma leɓenka na motsi ba sauti, har suna zaton tasbihi kake. Bai ga Ya Kaltum ba, bai kuma san abin da ya faru bayan nan ba.

Ban gaya wa Inna ba. Ta fara cin abinci, ta fara barci, ga gero can an kai niƙa. Idan na faɗa, na mayar da ita jiran da ya kusa kashe ta. Idan na yi shiru, zan zauna cikin mata ina karɓar gaisuwar mutuwarka alhali ban sani ba. Kai da kake fahimtar da ni abubuwa, yau ba ka nan.

Allah, in Kawu na raye, Ka sassauta masa, Ka buɗe masa hanya. In ya riga mu, Ka jiƙansa, Ka sa wani ya yi masa sutura. Ni kuma Ka yafe mini duk wanda na zaɓa kafin Juma'a.

Taka har kullum,
Falmata