Lambobi Shida da Ke Shiga Wayar Yaya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya, wayarka ce ta faɗa ruwa, ko kuwa sunana ne in ya fito a kanta hannunka yake mutuwa? Kwana biyar ina kira. Shi ya sa na koma ga takarda da biro na ba direban da ke zuwa wajenku. Na san ba haka ake buɗe wa babba wasiƙa ba, to bari in gyara. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa wa aiki albarka. Mu nan jiki da sauƙi. Ƙafar Baba ta saki, har yana fitowa ƙofar gida da sandarsa. Umma na nan, sai dai tun ranar Asabar ba ta cin abin kirki, kuma abin da ya hana ta ci shi ya sa ni wannan rubutun.

Bari in ɗauko maka tun daga tushe, tunda an ce ka gaya wa Baba ba ka tuna yadda aka yi ba. Lokacin da mai ɗakin gwajin jinin da Adda take aiki ya ce yana son shafin intanet, don mutane su riƙa ganin sakamakonsu a waya ba sai sun sake hawa mota ba, Adda ce ta kai sunana. Ta ce tana da ƙane mai ƙwaƙwalwa. Sati biyu na yi a bayan shagon buga takardun da nake aiki ina gwada manhajoji, ni da ban taɓa zama ajin kwamfuta ba, sai bidiyo da wani tsohon littafi da farkonsa ya yage. Uku na tsayar. Akwai wadda kake jawo hoto da rubutu ka ajiye inda kake so, shafi ya fito kamar an yi masa kwalliya. Akwai wadda take zuwa a gine, kai kuma ka riƙa liƙa mata ƙari. Sai ta ukun, baƙin allo ne kawai, komai da hannunka za ka rubuta, layi bayan layi. Ita na zaɓa, na kuma faɗi dalili: takardar jinin mutum ba hoton takalmi ba ce, dole kowa ya samu makullinsa shi kaɗai. Na ce a ba ni wata biyu.

A guruf ɗin gida ka ba ni amsa, a gaban kowa. Ka ce wannan wahalar banza ce ta wanda bai shiga aji ba, duniya ta wuce nan. Ka turo mini ta biyun, haɗe da wani ƙari da abokinka ya fasa, wai kwana uku an gama. Da na ce ba na yarda da manhajar sata, Baba ya ce wanda ya yi digiri ya yi magana, ni kuma in ja bakina. Kai ka buɗe rajistar shafin da imel ɗinka da lambar wayarka, ka ce ni a ba ni ƙaramar ƙofa in riƙa saka abubuwa, babban makulli ya zauna wurin babba. Duk saƙonnin suna nan, ban goge ko ɗaya ba.

Ba zan wanke kaina tas ba, don ba ƙarya na zauna rubutawa ba. Tun satin farko na lura duk takardun suna taruwa a wuri ɗaya da ba a kulle ba. Na gaya maka, ka ce wa zai san hanyar wurin. Shafin ya yi kyau, 'yan layinmu sun fara ce mini Injiniya, sunan ya yi mini daɗi, na bar maganar. Ita kuwa Adda yadda aka koya mata a wurin aiki take yi, kowace takarda da cikakken sunan mai ita take ajiyewa, don kada a ba wani jinin wani.

Ranar Asabar da hantsi ina ɗakin gwajin ina duba musu firinta, sai wani mutum ya shigo, dattijo-dattijo, da takarda a ninke a hannunsa. Bai yi sallama ba. Ashe mai dafa abinci ne a wani otal, shekara goma sha ɗaya yana wurin. Sabon manajansu ya rubuta sunan mutumin a intanet, haka kawai, sai ga sakamakon ciwon hantarsa ya fito a layin farko, da shekarunsa da lambar wayarsa. A ranar aka ce ya cire rigar aiki. Ko matarsa bai gaya wa ciwon ba tukuna, a bakin matar wani ta ji. Yaya, da ya yi ihu da na fi samun sauƙi. Ya shimfiɗa takardar a kan kanta, ya ɗora yatsa a kan sa hannun da ke ƙasa, ya tambaya wace ce wannan. Adda na tsaye da safar hannu da kwalbar jini, ta ce ita ce. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Na ga fuskarki." Ya ninke takardarsa ya fita.

Shekaranjiya mai shagon kwanar layinmu ya kira ni gefe, ya ce wani ya zo yana tambayar wane gida ne na mai ɗaukar jini. Jiya da safe ni da idona na ga mutumin nan na ranar Asabar zaune a bencin mai gyaran babur, yana fuskantar ƙofarmu. Ban san me yake nufi ba. Wataƙila shi ma bai sani ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Adda ta daina fita ita kaɗai. Ni nake raka ta, ina tafe ina waige. Ka san bakina, ba wanda na taɓa bari ya faɗa mini biyu ban mayar da uku ba, amma na wuce gaban mutumin nan na kasa ko gaishe shi, don ban san da wane ido zan kalle shi ba. Gaskiyarsa ce. Kuma shi kaɗai ne ya gano zuwa yanzu. Takardu dubu ɗaya da ɗari uku ne a buɗe, akwai na masu ciki, akwai na cututtukan da ko sunansu ba a faɗa a tsakar gida. Duk wanda ya turo ƙofar ɗakin gwajin sai in duba ko takarda ce a hannunsa.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Ƙaramar ƙofar da ka ba ni tana sakawa, ba ta gogewa. Na ce to bari in rufe kowace takarda da farar takarda mai suna iri ɗaya, sai shegiyar manhajar ta ajiye farar a gefe ta liƙa mata lamba biyu, ta bar ta asalin tana nan daram. Ƙarin da abokinka ya fasa ya ƙi sabuntuwa, ya ƙi fita. Na rubuta wa kamfanin da shafin ke zaune a wurinsu, suka ce mai rajista kaɗai suke saurara. Duk sanda na nemi shiga da babban makulli, lambobi shida ake turawa wayarka, minti goma su mutu. Sau goma sha tara na gwada. Kana ganinsu suna shigowa, Yaya, na san kana gani.

Mai ɗakin gwajin ya ce ranar Alhamis mai zuwa zai kai magana hukumar da ta ba Adda lasisi, don shi ma wuyansa yake ceto. Sunanta ne a ƙasan kowace takarda, ba naka ba, ba nawa ba. Shekara huɗu ta yi tana karatun nan, kai ka fi ni sanin yadda aka yi ta gama. Jiya na same ta a kicin tana wanke kofi ɗaya ta ƙi ajiyewa, ta ce mini in daina zaginka, wataƙila kunya ce ta riƙe ka. Ita ce ma take ba ka uzuri. A guruf kuwa Kawu ya rubuta cewa abin da ake samu ke nan in an ba ɗan koyon bidiyo aikin manya, mutum bakwai suka sa masa alamar amincewa, kai kuma ka karanta ka wuce. Baba ya daina amsa gaisuwata.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata Umma ta ga saƙonta ta gode. Ka shafa mini kan 'Yar Baba da Sarkin Rigima. Umma na gaishe ka, ta ce in rubuta maka cewa ba ta yi fushi ba, na rubuta. Adda ma na gaisuwa.

Takardar nan za ta same ka ranar Talata. Laraba ƙarfe goma na safe zan zauna a gaban kwamfuta in danna, lambobin za su shigo maka, ka turo su kafin su mutu in sauke shafin. Bayan nan kada ka kira ni a gefe ka ce mu bar maganar a tsakaninmu, ba zan ɗauka ba. Ka shiga guruf, inda Baba da Kawu da Adda za su gani, ka rubuta da hannunka wa ya zaɓi manhajar nan, wa ya kawo ta sata, kuma makullin a hannun wa yake tun ranar farko. Adda na buƙatar wannan rubutun ta nuna wa hukuma ranar Alhamis. Ka amsa a can, Yaya, kowa na gani.

Ƙanenka,
Auta