Wai Ni Ce Na Bar Baba Da Yunwa

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi da-na-sani. Ni ce auta, ni ce kuma na rufe shagon ɗinkina na ɗauko Baba bayan an yi masa aiki a ƙugu. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke lallashinsa da cokali. Da wurin aikin ya yi ruwa aka ɗebi jininsa, sakamako ya ce wani abu wai shi prealbumin ya yi ƙasa. Tsautsayi ya sa na tura hoton takardar a zauren 'yan gidanmu na waya.

Shi ke nan! Babban yayanmu, wanda sai an ci sa'a yake leƙo mu, ya bincika a wayarsa, ya zagaye lambar da ja, ya rubuta wai alamar yunwa ce. Ni! Ubana zan bari da yunwa? Tun ranar kowa ya zama likita. Yayyena mata sai sintiri da kuloli, kowace ta ɗura masa ta kama gabanta, ni a bar ni da kwasar amai. Yanzu Yaya ya ce ƙarshen mako zai ɗauke shi, zuwa gidansa da ba kowa da rana sai maigadi. Wallahi zuciyata tafasa take. In kulle ƙofa ne?

Autar Baba

Autar Baba, sannu. Fushinki yana kan hanya, amma kulle ƙofa ba naki ba ne.

Prealbumin sinadari ne da hanta ke yi. Yakan sauka in mutum ba ya cin isasshen abinci, wannan yayanki bai yi ƙarya ba. Abin da bai karanta ba shi ne, tiyata, kumburi da ciwon da ya yi ruwa duk suna saukar da shi, ko da mutum yana ci. Shi ya sa likitoci ba sa yanke hukunci da shi kaɗai. Sai sun duba nauyi, yawan abin da ake ci, da gwajin kumburi.

Ke ma kada zafin zargi ya rufe miki ido. Mai jinya yakan rage ci, kuma wannan ba laifinki ba ne. Ki nemi likita ya tsara masa abin da zai ci, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Ɗuren nan kuwa a daina shi yau, ana iya shaƙe tsoho.

Yayanki tsoro ne ya kama shi, da kunyar rashin zuwa. Ki sa shi gaba ku je wurin likita kafin ƙarshen mako, ya ji da kunnensa. Sannan ku zauna a bakin gadon Baba ku tambaye shi inda yake son zama. A duk wasiƙarki ban ga wanda ya tambaye shi ba, har ke.

Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri.