Tayar da Na Auna da Zafinta

Zuwa ga ɗana Sani, a Kwatano ko duk inda takardar nan ta same ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalin da na ji an ce ka yi. Ba ni da lambarka. Shi ya sa na rubuta da hannuna, na roƙi maƙwabcina ya ɗauki hoton takardar ya saka a zauren waya na masu tseren mota na Yamai, ko Allah zai sa wani ya tura maka. Waɗanda za su riga ka karantawa, su karanta. Na wuce jin kunya.

Gardamar taya ta dawo. Samarin yanzu suna so a soke dokar faɗin taya, kowa ya sa abin da aljihunsa ya iya. Ranar Lahadi za a yanke magana, kuma sun ce lalle in zo, tunda ni na rubuta dokar tun muna mota shida a filin nan na hanyar Doso.

Ka san dalilinta. 'Yan tserenmu direbobin taksi ne da makanikai, motocinmu tsofaffi ne da muka tayar daga garejojin Wadata. Taya mai faɗi tana riƙe ƙasa a kwana, amma sai mai hali ke iya sayenta. Sai na lanƙwasa ƙarfe na yi ma'auni: tayar da ta shiga bakinsa ta halatta, wadda ta ƙi, motar ta fita. Kuma da safe ake awo, kafin a tada inji. Haka na rubuta.

Ranar da ka ci tsere, da safe na auna taka, ta shiga lafiya lau. Ka zo na ɗaya, ka fito ta taga kana ɗaga mini hannu. Sai wanda ya zo na biyu ya ɗaga murya, wai kai ɗan mai awo ne, dole ka ci. Jama'a suka ɗauka. Na ɗauko ƙarfen, na durƙusa a tsakar rana, tayar tana ƙona mini yatsu. Ta ƙi shiga. Abin da ya hana bai fi kaurin farce ba.

Ka ce, "Baba, ai da safe ta shiga." Na ce, "A filin nan ba ni da ɗa." Aka tafa mini, Sani. Har yau ina jin tafin nan.

Bayan sati ka sayar da motar ka tafi. Shekara tara ke nan. Da mahaifiyarka ta rasu ka zo jana'iza, ka tsaya a sahun baya, ka koma kafin in miƙe daga tabarma.

A taron makon jiya wani dattijo ya nuna ni da sanda, ya ce mutumin nan ɗan cikinsa ya kora saboda dokar nan, ku ne za ku soke ta? Da sunanka ake kare dokar, ni kuma ina zaune, na bar su a kan haka.

To ga gaskiyar. Shekara talatin ina facin taya. Na san taya in ta yi gudu ta ɗau zafi, iskar ciki tana kumbura ta. Na sani tun ina durƙushe. Ba doka na kare ba, bakin mutane na ji tsoro. Tayarka daidai take. Kai ka ci tseren nan, ni na ƙwace maka.

Ranar Lahadi zan faɗi haka a gabansu, in ƙafafuna sun kai ni, don yanzu ko masallacin unguwa sai na huta sau biyu a hanya. Wataƙila maganata ta sa a soke dokar, masu taksi su rasa fili. Ba na so, dokar mai kyau ce, mai awon ne ya karya ta. Amma ba zan tafi kabari da wannan ba.

Ɗana, likita ya daina canza mini magani, na kuma gane abin da hakan ke nufi. Gidan ya yi mini faɗi. Ba na cewa ka yafe kafin ka zo. Ka zo da fushinka, ka zauna a bakin ƙofa, ka faɗa mini duk abin da ka haɗiye. In zuwan ya yi nauyi, ka kira, ko sallama kawai ka yi ka kashe. Don Allah, Sani. Kada ka bari sai an kira ka.

Allah ya tsare ka a kan hanyoyin da kake bi, ya yi wa zuriyarka albarka, ya sa kada ka taɓa zaɓar yabon mutane a kan ɗanka. Allah ya ara mini kwanakin da zan ji muryarka. Amin.

Ni ne mahaifinka da ya zalunce ka,
Idi mai faci, Wadata.