Tafiyar Basha ta Ƙarshe

Iskandariya, 1934

Yaya Sakina,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Maigidana Rifa'at Basha ya rasu, Allah ya jiƙansa. Jiya na kai gawarsa ƙauyensu a motarsa. Jikin sitiyarin akwai abin murɗawa mai sassauta shokazoba don rage jijjigar mota, kullum nakan murɗa masa in mun shiga gargada, saboda ciwon bayansa. Jiya ma na murɗa. Ɗansa ya ce, "Dahab, wa kake lallaɓawa? Taka mota mu isa."

Gobe mai saye zai zo ganin motar. Ban ji an yi zancen direba ba. Kada Inna ta ji tukuna.

Ƙaninki,
Dahab